Mota Na Tafasa: Yadda Za Ka Gano Ko Wata-famfo Ne Ko Wani Abu Daban

Tambayar da aka fi yi min a kan zafin inji kusan iri ɗaya ce. Allurar ma'aunin zafi ta hau, an kai mota gareji, an ce wata-famfo ne, an sayi sabo an ɗaura, bayan kwana biyu mota ta koma gidan jiya. Sai a ce to lagireto ne, mai sanyaya ruwan inji. Daga nan a cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, a jefar. Kafin a ankara an kai ga buɗe kan inji.

Wata-famfo, wato famfon da ke zagaya da ruwan sanyaya inji, yana lalacewa, babu musu. Amma shi ɗaya ne cikin abubuwa da dama da ke sa mota tafasa, kuma yana cikin waɗanda suka fi wahalar kaiwa gare su. Shi ya sa na jera binciken nan daga abin da ba ya cin ko sisi zuwa abin da ke cin aljihu. Ka bi shi a jere, kada ka sayi komai sai ka ga laifinsa da idonka.

Kayan da za ka tanada

Tocila mai haske sosai, tsumma mai kauri, safar hannu, filaya, sukundireba, saitin sifana da soket, faffaɗan kwano na tarar ruwa, mazurari, da ɗan madubi na leƙa lungu. Idan za ka samu aron famfon gwajin matsi, wanda ake ɗaurawa a bakin lagireto, da ma'aunin zafi irin na haskawa daga nesa, aikin zai ragu da rabi. Ba dole ka mallake su ba, gareji mai kyau ba ya rasa su.

1. Idan allura ta hau kana kan hanya

Kashe esi nan take. Kunna hita har ƙarshe, ka ƙure fankarta, ka sauke gilasai. Hita ƙaramin lagireto ce a cikin dashbod, tana janye zafi daga inji, kuma sau da yawa takan ba ka 'yan mintunan da za ka samu wurin tsayawa. Idan allura ta fara sauka, ka gangara gefe ka bar injin a silo na ɗan lokaci. Idan ta taɓa ja, ko ka ga tururi, ko ka ji injin ya fara ƙwanƙwasa yana rasa ƙarfi, kashe shi a inda kake. "Bari in ƙarasa, saura kaɗan" ita ce maganar da ta fi kowace kashe inji.

Gargaɗi: kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa na iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana sassauta murfin zai yi tsiri ya watso maka a fuska da hannu. Ka jira aƙalla minti 30 zuwa 45, sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu kuma ka ji ya yi laushi. Sannan ka ɗora tsumma, ka murɗa kaɗan, ka bar iska ta gama fita. Haka kuma kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji ko a cikinsa yana cikin wannan zafin. Kan silinda na yawancin motocin yanzu alminiyom ne, sanyin bazata na iya karkata shi ko ya tsaga shi.

2. Tuna lokacin da zafin ke zuwa

Kafin ka ɗauki sifana, ka amsa wannan: a wane hali allurar ke hawa? Amsar ita ce rabin binciken, kuma yawancin masu mota ba sa faɗa wa bakanike, shi ma ba ya tambaya.

Idan a cunkoso ko a tsaye take hawa, amma da ka samu hanya ta sauka, iska ce ba ta ratsa lagireto sai mota na gudu. Fanka za ka fara tuhuma. Idan akasin haka ne, cikin gari lafiya lau amma a doguwar tafiya ko hawan tudu da kaya sai ta hau, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireton ya toshe, ko fikafikan famfo sun cinye. Idan cikin 'yan mintuna da tayar da mota ta haura, ka tuhumi tamostat da ya maƙale a rufe, ko babu ruwa, ko famfon ya daina turawa gaba ɗaya. Idan kuwa allurar na hawa tana sauka ba tsari, iska ce a cikin hanyar ruwa, kuma sai ka tambayi kanka ta ina ta shiga.

Wani lokacin ma allurar ce ke ƙarya. Yawancin injuna suna aiki ne tsakanin digiri 85 zuwa 105. Idan allura na ja amma ma'aunin haskawa ya nuna kusan 90 a gidan tamostat, sansa ce, wato na'urar da ke auna zafin, ko wayarta, ba injin ba.

3. Duba ruwa da murfi, inji a sanyaye

Da safe kafin a tayar da mota ya fi. Duba gorar ajiyar ruwa, ruwan ya kasance tsakanin layin ƙasa da na sama. Idan motarka na da murfi a kan lagireton kansa, buɗe shi ma ka leƙa, domin gora na iya kasancewa cike alhali lagireto ya yi ƙasa, musamman idan siririn tiyon da ya haɗa su ya tsage ko murfin ya daina zuƙo ruwa.

Kalli ruwan da kyau. Mai launin ƙasa-ƙasa yana nufin tsatsa ta ci cikin inji, kuma abin da ya ci injin ya ci famfo. Idan ka ga maiƙo na yawo a sama ko wani abu mai kauri ya manne a murfi, mai ya haɗu da ruwa, ka tsallaka zuwa mataki na 9.

Yanzu murfin. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Aikinsa riƙe matsi, galibi tsakanin ba (bar, ma'aunin matsi) 0.9 zuwa 1.1 a motoci da yawa, wasu sun fi haka, kuma lambar na rubuce a samansa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin matsin ba 1 sai ya kai kusan 120. Murfin da robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki zai sa mota mai lafiyayyen famfo da lafiyayyen lagireto ta riƙa amayar da ruwa. Juya shi ka duba robobin, ka danna sifirin ɗin, ka taɓa ɗan bawul ɗin tsakiya ka ga yana motsi. Idan kana shakka, canja shi, shi ne mafi araha a duk tsarin. Amma ka sayi mai lamba ɗaya da na asali. Mai matsi fiye da kima yana fasa tiyo da kan lagireto na roba.

4. Nemo inda ruwa ke bi

Ruwan inji ba ya ƙarewa haka kawai. Idan kana ƙari kowane mako, akwai inda yake bi. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana, da safe ka ga inda ya ɗiga. Ruwan da esi ke zubarwa fari ne tas ba ya wari, kada ya ruɗe ka.

Bi kowane tiyo da tocila, ka fi mai da hankali ga bakinsa inda kilif ya kama. Matsa shi da hannu. Wanda ya kumbura, ko ya yi laushi sosai, ko ya bushe yana ƙas-ƙas, kwanansa ya ƙare. Duba inda robar lagireto ta haɗu da alminiyom, duba gidan tamostat, duba ƙananan tiyo biyu da suka shige bangon bayan inji zuwa hita. Busasshen kulan, wato ruwan sanyaya inji mai launi, yana barin farin gari ko tabo mai launinsa, wannan tabon ne sawun da za ka bi. Taɓa dardumar ƙasa a gefen fasinja. Idan ta jiƙe, ko gilashi na yin hazo mai maiƙo da wani ƙamshi mai zaƙi, hita ce ke yoyo.

Idan ido bai gani ba, ɗaura famfon gwaji ka hura zuwa lambar da ke kan murfi, kada ka wuce ta. Jira minti 15. Idan allurarsa na sauka, akwai yoyo, kuma yanzu zai fito fili. Idan tana sauka amma babu ɗigo ko ɗaya a waje, ruwan na shiga cikin inji ne.

Gargaɗi: maganin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto na fita kunya ne a hanya, ba gyara ba. Yadda yake toshe huda, haka yake toshe siraran bututun lagireto da na hita.

5. Fanka

Tayar da mota ka kunna esi. A yawancin motoci fankar lantarki za ta tashi nan da nan ko cikin ɗan lokaci. Idan ta tashi da esi amma ba ta tashi da kanta in inji ya yi zafi, fankar lafiya take, laifin na sansar zafi ne ko rile ko waya. Idan ba ta tashi ko kaɗan, fara da fiyus, sannan ka musanya rilenta da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin, kamar na hon. Har yanzu shiru? Idan fanka mai waya biyu ce, ba ta wuta kai tsaye daga batir. Ta juya da ƙarfi, matsalar a waya take. Ta yi shiru ko tana jan ƙafa, injin da ke juya ta ya mutu. Fanka mai ɗan akwatin lantarki a jikinta kuwa kada ka yi mata wannan gwajin, sai da na'urar bincike.

Akwai kuskuren da ake yawan yi bayan an canja fanka ko an yi aikin waya: a juya wayoyin, fanka ta riƙa tura iska gaba. A tsaye kamar lafiya, a kan hanya tana faɗa da iskar da ke shigowa. Sa takarda a gaban lagireto, ya kamata ta manne.

Motocin da fankarsu ke kan inji da kulocin mai, irin manyan motoci da akori-kura da yawa, sai ka kashe injin yana da zafi ka juya fankar da hannu. Ya kamata ka ji tana turjewa. Idan ta yi ta wulwulawa da kanta, ko ka ga mai ya tsattsafo a tsakiyarta, kulocin ya tafi. Kuma robar da ta kewaye fanka ba ado ba ce, idan an cire ta fanka na jan iska daga gefe maimakon ta cikin lagireto.

Gargaɗi: fankar lantarki na iya tashi ko an zare makulli. Cire kan batir kafin ka zura hannu.

6. Tamostat

Tayar da mota a sanyaye ka riƙa taɓa babban tiyon da ya fito daga gidan tamostat. A wasu injuna na sama ne, a wasu na ƙasa. Ya kamata ya zauna da sanyi-sanyi har allura ta kusa tsakiya, sannan ya ɗau zafi cikin ɗan lokaci. Wannan shi ne buɗewar tamostat. Idan allura ta wuce tsakiya tiyon bai ɗau zafi ba, ya maƙale a rufe, ko ruwa ba ya motsi. Idan mota na daɗewa ba ta yi ɗumi ba, allura na kwance ƙasa a kan hanya, ya maƙale a buɗe ko kuma wani ya riga ya cire shi.

Don tabbatarwa, ciro shi ka rataye a cikin tukunyar ruwa a kan wuta, kada ya taɓa gindinta. Lambar da ke jikinsa, kamar 82 ko 88, ita ce zafin da zai fara buɗewa. Kafin ruwa ya tafasa ya kamata ya buɗe sosai, kusan milimita 8 a yawancinsu, ya kuma rufe ruf idan ya huce.

A nan zan ɗan tsaya, domin cire tamostat a jefar ya zama kamar doka a wurin wasu masu gyara. Gyaran gangar auzinawa ne. Injin da ba ya kai zafin aikinsa kwamfutarsa na ɗauka har yanzu yana sanyi, sai ta yi ta ƙara mai. Shan mai ya ƙaru, fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya lalace da wuri, ringi da silinda su cinye. Abin da ya fi wannan: a injuna da yawa tamostat na da faifai na biyu a gindinsa wanda ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin inji. Idan babu shi, wani kaso na ruwan zai yi ta bin gajeriyar hanyar bai je lagireto ba, motar ta fi tafasa a doguwar tafiya. Idan kuma cire shi ya sa allura ta sauka, ɓoye ciwon aka yi. In ya lalace, a sa sabo mai lamba ɗaya, ɗan ramin fitar iska da ke gefensa ya kalli sama.

7. Lagireto

Haska tocila ta bayansa ka leƙa ta gaba. Ƙura, ganye, ƙwari da leda suna taruwa tsakaninsa da kwandensar esi, inda ido ba ya kaiwa. Wanke shi daga ɓangaren inji zuwa waje da ruwa marar ƙarfi. Injin wanki mai matsi yana kwantar da fikafikan. Bayan mota ta yi zafi an kashe ta, bi fuskarsa da ma'aunin haskawa. Zafi ya riƙa raguwa a hankali daga mashiga zuwa mafita. Wurin da ya yi sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin ya toshe. Ka kuma sa wani ya taka totur kana kallon tiyon ƙasa, idan yana shafewa, yana hana famfo samun ruwa.

8. Wata-famfo kansa

Sai yanzu muka iso gare shi. Ta hanya huɗu yake ba da matsala: ya yi yoyo, boris ɗin da sandarsa ke juyawa a kai ya mutu, fikafikansa su lalace, ko bel ɗin da ke juya shi ya riƙa zamewa.

Fara da bel. Duba ko ya tsattsage, ya yi sheƙi, ko mai ya jiƙa shi, ka duba abin da ke ɗaure shi ko ya saki. Bel mai zamewa na yin tsuwa idan an taka totur, kuma sau da yawa fitilar batir na lumshewa tare da shi.

Sai yoyo. A jikin famfo, ta ƙasa, bayan fuli, akwai wani ɗan rami da aka huda da gangan. Idan sil ɗin ciki, abin da ke tare ruwa a jikin sandar famfo, ya fara sakin ruwa, ta nan yake fitowa don kada ya shiga boris. Sa madubi da tocila ka leƙa. Ɗan busasshen tabo ba laifi ba ne, ko sabon famfo yana yin sa. Amma ɗanyen ɗigo, ko doguwar zubar gari mai launi da ta gangaro jikin inji, ko feshin da bel ya watsa a cikin bonet, famfon ya gama aiki. Kada ka bari a toshe ramin da gam. Ruwan zai koma cikin boris ne, famfon ya ƙame a hanya.

Boris kuwa, sauke bel ka kama fulin da hannu biyu ka girgiza shi sama da ƙasa, hagu da dama. Bai kamata ka ji wasa ko kaɗan ba. Juya shi a hankali. Lafiyayye na juyawa sumul da ɗan nauyi. Wanda ke gurza kamar da yashi a ciki, ko yana ƙara, ya mutu. Idan kana jin gurnani a gaban inji ba ka san mai yin sa ba, tun da bel a sauke yake, tayar da injin a sanyaye na ƙasa da minti ɗaya. Idan ƙarar ta ɗauke, tana cikin abubuwan da bel ke juyawa, sai ka juya su ɗaya bayan ɗaya da hannu: altaneta, fulin ɗaure bel, kwamfuresa, famfo. Boris ɗin fulin ɗaure bel ya sha jawo wa famfo sharri.

Fikafikai su ne masu wahalar kamawa, don famfon ba ya yoyo, ba ya ƙara, fuli na juyawa lafiya. Na ƙarfe tsatsa ke cinye su har su zama faifai kawai, kuma ruwa zalla ne ke jawo haka. Na roba suna tsagewa, ko su saki sandarsu idan sun ji zafi, a sanyi suna turawa, da zafi sanda na juyawa ita kaɗai. Ga yadda za ka gane. Inji a sanyaye, buɗe murfi, tayar, ka jira tamostat ya buɗe. Ya kamata ka ga ruwa na gudu a bakin lagireto, gudun ya ƙaru da totur. A motocin da murfinsu ke kan gora, duba siririn tiyon da ke dawo da ruwa cikinta, ya riƙa tsartuwa. Alama ta biyu ita ce hita: inji na tafasa, ruwa cike, babu iska a ciki, amma hita na busa sanyi. Idan waɗannan biyun suka haɗu, kuma tamostat ya ci gwaji, kana da hujjar kwance famfo.

Da yawa daga cikin motoci masu haɗa fetur da batir da wasu sababbin motoci famfonsu na lantarki ne, babu bel. Waɗannan sai a duba fiyus da soket, a kuma sa na'urar bincike ta karanta lambar matsalar.

Gargaɗi: idan taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin, shi ne ke juya famfonka, kada ka tayar da inji ba bel, kuma kada ka ja lokaci da famfo mai ƙara. In ya ƙame zai tsinka bel ɗin, a injuna da yawa fistin ya daki bawul.

9. Tabbatar da gasket kafin ka kashe kuɗi

Motar da ta tafasa sosai ko sau ɗaya, a duba tof-gasket ɗinta, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, kafin a sa mata sabon kaya. Alamunsa: kumfa na fitowa ba tsayawa a bakin lagireto tun inji na sanyi, tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu da tayarwa, farin hayaƙi mai kauri da ƙamshin zaƙi daga salansa bayan mota ta yi zafi, baƙin mai ya zama ruwan madara a jikin sandar aunawa, inji na rawa da safe sannan ya daidaita, fulogi ɗaya ya fito fes alhali sauran na da tabo. Ɗan fari-fari a ƙarƙashin murfin mai kaɗai ba hujja ba ne, motar da ke gajerun tafiye-tafiye na yin sa.

Gwajin da ya fi yanke gardama shi ne na shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto. Idan hayaƙin inji na shiga ruwa, zai koma rawaya a injin fetur, kore a na dizal. Idan an buɗe kan inji, ka nace a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfe. Karkatar da ta wuce abin da kamfani ya yarda, galibi tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.1, sai an goge, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma zai ƙone. A motoci masu giyar otomatik, ruwa mai kauri ruwan hoda na iya nufin bututun man giya da ke cikin lagireto ne ya fashe, ba gasket ba.

10. Canja famfon

Idan fambel ke juya shi kuma yana a fili, aikin 'yan sa'o'i ne ga mai haƙuri. Idan yana bayan taimin bel, kuɗin aiki kan fi kuɗin famfon, don haka a canja bel da fulolinsa a lokaci guda, kada a biya aiki ɗaya sau biyu. Wanda bai taɓa saita taimin ba ya bar wa gwani.

Cire kan batir, tare ruwan a kwano, ka wanke hanyar ruwa tukuna tun tsohon famfo na ɗaure, har ruwa ya fito garau, don dattin da ya kashe tsohon sil kada ya samu sabo. Ɗauki hoton yadda bel ya zagaya. Sassauta notocin fuli tun bel na ɗaure, ya fi sauƙi. Kusoshin famfo sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne, zana siffarsa a kwali ka soke kowace a gurbinta. Doguwa a gurbin gajeruwa na fasa gidan da take shiga. Idan famfon ya ƙi fita, ka sake dubawa ko akwai kusar da ka manta, sannan ka bubbuga da gudumar roba. Kada ka cusa sukundireba tsakaninsa da inji.

Kankare tsohon gasket da abin roba har wurin ya yi sumul ya bushe. Jera sabo da tsoho ka kwatanta: ramuka, tsayin fuli, girman fikafikai da inda suka fuskanta. Akwai famfunan da kamanninsu ɗaya amma juyinsu ya saɓa. Araha a nan ba ta ado, jabun famfo boris ɗinsa ba ya jimawa. Kada ka yi ta wulwula sabon famfo a bushe, sil ɗinsa da ruwa yake aiki.

Idan zoben roba ne, shafa masa kulan, ba giris ba, ba gam ba. Idan littafin mota ya ce a sa gam, siririn layi ya isa. Wanda ya yi yawa yana tsinkewa ta ciki ya je ya toshe lagireto da tamostat. Ɗaura duk kusoshin da hannu tukuna, sannan ka matse su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ƙananan kusoshi masu kan lamba 10 ba sa son fiye da kusan Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ƙarfin wuyan hannu ne ba na kafaɗa ba. Idan ka taɓa taimin, juya inji da hannu zagaye biyu ka ga alamomin sun dawo daidai kafin ka murɗa makulli.

Gargaɗi: kulan guba ne mai zaƙi, yana lalata ƙoda. Kada ka bar shi a buɗe inda yara ko dabbobi za su kai, kada ka zuba shi a gorar abin sha.

11. Zuba ruwa da fitar da iska

Yi amfani da irin kulan da littafin motarka ya ambata. Launi ba abin dogaro ba ne, kuma haɗa iri biyu na iya rage ƙarfin maganin tsatsar ko ya yi kauri. Mai ƙarfi a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, wanda ba asid ba. Wanda aka riga aka haɗa ba a ƙara masa ruwa. Ruwan da ke da gishirin ƙasa yana barin farin dutse a bututu. Haɗin rabi da rabi na tafasa a kusan digiri 107 a buɗe, kusan 128 a ƙarƙashin murfi mai ba 1, ga hana tsatsa. Ƙananan motoci na cin kamar lita 5 zuwa 8.

Iskar da ta maƙale ita ce ke sa a ce sabon famfo ba shi da kyau. Ɗaga gaban mota kaɗan, sa hita a mafi zafi, fankarta a ƙasa. Buɗe kusar fitar da iska idan akwai, ka zuba a hankali har ruwa ya fito ta nan ba kumfa, ka rufe. Mammatsa manyan tiyo. Tayar da inji murfi a buɗe, kana ƙari yayin da ruwan ke sauka. Da tamostat ya buɗe zai zuƙe da yawa lokaci guda, ka cika, ka rufe murfi. Bar shi har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, hita kuma na busa zafi sosai. Wasu motocin suna da tsarin fitar da iska na musamman, musamman masu famfon lantarki, a bi littafinsu.

12. Gwajin hanya

Maimaita ainihin halin da motar ke tafasa a da. Idan a cunkoso ne, bar ta a silo da esi na minti 20. Idan a tudu ne, nemi tudu. Bayan ta huce gaba ɗaya, cika gora zuwa layi ka yi masa alama da biro. Duba alamar kowace safiya na mako guda. Saukar farko kaɗan ragowar iska ce ta fita. Idan ya ci gaba da sauka bayan kwana na uku, sake matse kilif ɗin tiyon da ka taɓa, ka leƙa ɗan ramin famfo da madubi, sannan ka maimaita gwajin matsi na mataki na 4, wannan karon inji na da ɗumi.